Fiyanon da Na Saita da Asuba

Ku samarin da kuke tsayawa a bakin shagona a unguwar Nima, ku ɗora waya a kan tebur, ku nuna mini allurar da ke motsi a gilashinta, ku ce saitin fiyano yanzu kowa ma zai iya, ku nake rubuta wa wannan. Ba na ƙaryata wayar. Na gwada ta, tana faɗin gaskiya. Sai dai gaskiyar lokacin da ka tambaye ta kaɗai take faɗa. Zan bi abin daki-daki: yadda na koyi aikin, yadda ake yinsa, sannan aikin da na ɓata da mutumin da ɓarnar ta faɗa wa. Kada kowa ya tsallaka zuwa ƙarshe.

Sunana Awudu. Mahaifina daga Nijar ya zo fataucin albasa, ya zauna, aka haife ni a Maamobi. Karatun boko a aji shida na tsaya. Daga nan ya kama hannuna ya kai ni wurin Masta Seidu mai gyaran rediyo, da goro da kiret ɗin lemo kamar yadda aka saba. Masta ya dube ni sama da ƙasa, ya nuna mini wata kusurwa da aka tara matattun rediyoyi har kusan rufi, ya ce in fara daga can.

Aikina na shekarar farko ke nan. In farke rediyo, in narkar da dalma, in cire kayan ciki ɗaya bayan ɗaya ba tare da na karya musu ƙafa ba, in raba su cikin gwangwanayen madara. Kowane gwangwani da takardarsa. Wanda ya jefa abu a gwangwanin da ba nasa ba, ranar ba ya cin abincin rana a shagon. Sau biyu ya faru da ni, bai kai uku ba.

Masta ya koyi fiyano ne daga gyaran na coci-coci da ake kawo masa. Da ya ga cikinsu sau da yawa, sai ya fara haɗa nasa. Akwatin daga filawud ne. Maɓallan, waɗanda mu a shago haƙora muke ce musu, da zarto muke yanka su, mu manna wa farare fomeka, mu shafa wa baƙaƙe fenti. Abin da ke mayar da haƙori sama bayan an danna shi, sifirin ne na cikin biro, shi ya sa har yau ba na iya wuce mataccen biro a ƙasa. Lasifika daga rediyon mota. Duk wannan aikin kafinta ne, mai haƙuri zai iya cikin wata shida. Wahalar tana cikin murya.

Ga yadda cikin yake. Akwai murya goma sha biyu a jeren sama, bakwai na farare, biyar na baƙaƙe. Kowace murya abu biyu ne ke riƙe da ita. Na farko kafasita, wani ɗan abu da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Na biyu ɗan saiti, mai kai kamar na kusa, wanda ake juyawa da ƙaramar sukurdireba, muryar ta hau ko ta sauka. Jeren da ke ƙasa duk daga na sama suke samun tasu, ana raba ta biyu, a sake raba ta biyu. Ma'ana, in murya ɗaya ta kauce a sama, ta kauce a wuri huɗu.

Ranar da Masta ya fara sa ni saiti, ya ɗauko ƙarfensa mai yatsu biyu, wanda yake ba da muryar la, ta jerin do, re, mi. Ya buga shi a gwiwa, ya kafa gindin ƙarfen a kan akwatin, ya danna haƙorin la. Murya biyu suka tashi tare.

"Me ka ji?"

"Daidai yake, Masta."

Ya sauke mini rula a bayan hannu. "Daidai a gidan wa? Sake ji. Bar muryoyin, saurari abin da ke tsakaninsu."

Sai na ji shi. Wani ɓari ne, wu-wu-wu, kamar fanka mai lanƙwasasshen fiffike. Ya sa sukurdireba ya juya kaɗan. Ɓarin ya rage gudu. Ya ƙara juyawa, ya koma kamar numfashin mai barci, sannan ya tsaya cik, muryoyin suka zama ɗaya. Daga la ake samun mi, daga mi a samu ti, haka har a zagaye goma sha biyun. A waɗannan kuma ba a kashe ɓarin gaba ɗaya, ana barin ɗan kaɗan a kowanne, in ba haka ba idan ka zagayo, na ƙarshe ba zai gaisa da na farko ba. Shekara uku na yi kafin ya daina bin bayana yana gyarawa.

Dokokinsa a kan murya biyu ne. Ta farko, kafasita goma sha biyun su zama iri ɗaya, masu rigar roba, kore ko rawaya, irin na tsofaffin rediyoyi. Akwai wasu 'yan faifai masu ruwan ƙasa, masu araha, kamar ƙwayar magani. Waɗannan ya ce ko kusa kada su shiga wurin murya. Bai faɗi dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don a lokacinmu ɗan koyo ba ya tambayar dalili. Ta biyu, saiti bayan sallar asuba ake yi. Wanda ya san Nima ya san dalilin wannan. Da gari ya waye, yaran tirotiro sun fara kiran fasinja, injin niƙa ya tashi, mai sayar da kaset ya kunna nasa, ko muryar kanka ba ka ji, balle ɓarin da ke tsakanin la da mi. Awa ɗaya kake da ita, daga fitowa masallaci zuwa lokacin da mai koko za ta sauke tukunya. Na riƙe wannan doka kamar farilla.

Da na samu 'yanci na buɗe nawa shagon, masu sayen kayana iri-iri ne. Ƙananan coci na cikin lungu, masu waƙar biki, masu bege lokacin Mauludi, da makarantu. Wani fasto daga wajen Kanda ya zo ya ce shi ba ruwansa da daɗin murya, yana so ne cocin da ke maƙwabtaka da shi su daina jin nasu. Na sa masa lasifika biyu, amma saitin na yi shi yadda ya kamata. Wani mawaƙin biki kuma ya ce in sauke masa fiyanon gaba ɗaya don maƙogwaronsa ba ya kaiwa sama. Na sauke goma sha biyun tare, kowanne da gwargwadonsa, na rubuta a cikin murfin cewa an sauke, don kada wani mai gyara ya zage ni a bayan idona. Daga baya na sayi mitar saiti a Adabraka, mai allura, irin wadda yanzu ta koma cikin wayoyinku. In allurar ta tsaya a tsakiya, murya ta zauna. Na rataye ta a inda duk mai wucewa zai gani. A layinmu ni kaɗai nake da ita, kuma na bari kowa ya san haka.

Yanzu mun zo mummunar shekarar. Ita ce shekarar da wuta ta yi ta ɗaukewa, abin da mutanen gari suke kira dumso. Sai a yi yini da kwana babu. Ƙarfen liƙi a kan gawayi nake gasa shi kamar masara. Masu sayen kwandam, wato tarkacen ƙarfe, suka bi gida-gida suna kwashe matattun rediyoyi a kan sikeli, gwangwanayena suka fara nuna gindi. Ga kuma fiyano na hannu da ake shigowa da su daga waje sun cika kasuwar Tudu, masu ganga a ciki da fitilu. Sai in yi mako uku ba wanda ya tambaye ni sabon aiki. Abu ɗaya ya rage mini: nawa da batirin babur yake aiki, kuma ƙararsa tana cika aji.

Wannan ne ya kawo mini Kofur Issaka. Dattijo ne dogo, ya haura sittin, takalminsa kullum a goge, rigarsa da karin guga ko a shekarar da babu wuta. Kakansa da 'yan sandan Turawa ya zo daga arewa. Shi kuma ya yi aikinsa duka a badujalar 'yan sanda yana busa ƙaho, har ya yi ritaya. A lokacin yana koyar da waƙa da maci a wata makarantar kuɗi a Maamobi, ta wata mata da ake kira Hajiya Memuna. Da safe ya busa wa yara ƙaho su shiga aji da maci, da rana ya koya musu waƙa. Wannan aikin shi ne cinsa, shi ne kuma abin da ya sa har yanzu ake ce masa Tica a hanya.

"Awudu, an ce kai ne mai kunne a layin nan," in ji shi. "Fiyanonmu na wuta ya zama tebur. Hajiya ta yarda a yi mana naka. Amma ka sani, ni ba fasto ba ne. Zan ji."

"Baba Kofur, in ka ji wani abu, ka dawo mini da shi a kaina."

Mako biyu ya ba ni, don suna shirin bikin ƙarshen zango. Na zazzage gwangwani, na samu masu rigar roba guda bakwai. Saura biyar. Na yi kwana uku ina zagaya abokan sana'a, babu. A rana ta huɗu na je Adabraka na sayo 'yan faifan nan masu ruwan ƙasa guda biyar. Na auna su, lambar da ke jikinsu ɗaya ce da ta masu rigar roba. Na ce a raina dokar Masta ta zamanin da babu mita ce. Na liƙa su a mi, da so, da ti, da baƙaƙe biyu. Na saita bayan asuba, allura ta tsaya a tsakiya sau goma sha biyu.

Kofur ya zo karɓa da sassafe, da ƙahonsa a cikin akwati. Ya bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya, kansa a karkace. Ya fito da ƙahon ya busa la, ya danna la. Ya yi murmushi.

"Hannunka da albarka, ɗana. Wannan ya zauna."

Kwana huɗu ya dawo da shi a bayan tasi.

"Awudu, abin nan yana hawa."

"Hawa ina, Baba?"

"Sama. Ba duka ba. Mi tana hawa, so tana hawa, ti ta fi su. Sai baƙaƙe biyu, wannan da wannan."

Ya ɗora yatsa a kansu. Na ƙirga a raina. Biyar ne, kuma su ne, bai ƙara ɗaya ba, bai rage ɗaya ba. Ku lura da wannan wurin, don a nan laifin ya fara, ba a Adabraka ba. Abin da ya kamata in ce shi ne, Baba, waɗannan biyar ɗin na sa musu kayan da ba a sawa. Abin da na ce shi ne ya bar shi ya kwana, ya zo gobe bayan asuba mu duba. Ya zo. Na kunna mita a gabansa. Allura ta tsaya a tsakiya sau goma sha biyu. Ya busa ƙahonsa, ya saurara, ya daɗe yana kallon akwatin.

"Yanzu kam daidai yake," ya ce. "To, Allah ya sa ni ne."

Mako bai cika ba ya sake dawowa, da magana iri ɗaya, da haƙora iri ɗaya. Na sake kwanar da shi, na sake aunawa da asuba, ya sake fitowa daidai. A karo na uku Hajiya Memuna da kanta ta biyo shi, don kuɗin tasi ya ishe ta, kuma bikin ya matso. Ta zo da sassafe kamar yadda na ce. Teburin mai shayi yana jikin shagona, mutum bakwai ko takwas suna zaune a benci, duk suka juyo. Na kunna mita. Na bi haƙoran a hankali, ina kiran sunan kowanne da ƙarfi don na benci su ji.

"Masta Awudu, ni ban san komai a wannan abu ba," in ji Hajiya. "Allurar nan in ta tsaya tsakiya, lafiya ke nan?"

"Lafiya ke nan, Hajiya."

"To Tica, ka gani da idonka. Kullum kana tsai da yara, kana ce musu a sake, a sake. Yara suna kuka, iyaye suna kira na. Mene ne kuma?"

Kofur ya ce, "Hajiya, a nan daidai yake, ban musa ba. A aji ne yake hawa. Awudu, ka zo makarantar ka ji da kunnenka. Bayan azahar muke waƙa."

Wannan ita ce ƙofar da ya buɗe mini, a gaban mutane, cikin ladabi. Tafiyar minti goma sha biyar ce a ƙafa. Ga abin da na amsa masa, kuma ina rubuta shi yadda na faɗa:

"Baba Kofur, ba a duba saiti da rana, ko ɗan koyon jiya ya san wannan. Mita ba ta tsufa. Kai kuwa shekara talatin kana tsaye a gaban babbar ganga. Kunne nama ne. Ƙahon naka ma dubi yadda ya lotsa."

Benci ya ɗauki dariya. Mai shayi ya ɗaga buta ya ce, "Baba Kofur, matso in zuba maka ruwan zafi a ciki, ko datti ne ya toshe!" Wani ya ce a'a, a kai shi wurin Awudu a juya masa da sukurdireba. Hajiya ta rufe baki da mayafi. Kofur ya sunkuya. Ya mayar da ƙahon cikin akwati, ya ɗaure igiyarsa, ya ɗauki gefe ɗaya na fiyanon, direban tasi ya ɗauki ɗayan.

Da zangon ya ƙare Hajiya ta sallame shi. Ta ce ya huta, ya yi ƙoƙari. Ta ba wani matashin malamin lissafi fiyanon, wanda ya iya danna waƙa uku. Shi bai taɓa kawo ƙara ba.

Bayan kamar wata ɗaya ta aiko cewa wayar batiri ta tsinke. Aiki ne na minti biyar, ba saiti ba ne, don haka na tafi da rana, bayan na yi azahar. Ajin waƙar yana saman bene. Rufin kwano ne babu silin, fanka tana rataye ba ta motsi saboda babu wuta. Fiyanon yana jikin taga, rana tana dukan murfinsa. Na ɗora tafin hannu a kai, na janye. Na liƙa wayar, na kunna, na danna do da mi da so tare don in tabbatar wuta ta shiga.

Ban buƙaci mita ba. Ɓarin ya cika ajin kamar an saki ƙudan zuma. Duk da haka na fito da ita. Do a tsakiya. Re a tsakiya. Mi ta wuce dama. So ta wuce dama. Ti ta kusa buga bango. Baƙaƙen biyu haka. Wato 'yan faifan nan zafi ne ba sa jurewa. Da sanyin asuba su zauna lafiya, rana ta yi su canza, muryar ta hau. Masu rigar roba ba ruwansu. Dalilin dokar Masta ke nan, wanda ban tambaya ba. Dokarsa ta biyu kuma, ta asuba, tana da kyau ne muddin ka kiyaye ta farko. Ni na karya ɗaya, na ɓuya a bayan ɗayar. Tun daga ranar ba na ba da fiyano sai na saita shi da asuba, na ɗora shi a kan rufin shago ya sha rana har azahar, na sake aunawa yana da zafi. Ku rubuta wannan, ba ya cikin waya.

Na ce wa Hajiya akwai ƙura a ciki, zan tafi da shi in share. A gida na farke rediyon ɗakina, wanda nake jin labarai da shi, na samu masu rigar roba har shida a ciki. Tun farko suna nan, a kan kabad, kusa da kaina. Na canza biyar ɗin, na saita, na gasa shi a rana, ya zauna. Na mayar, na ce an share. Ban gaya wa kowa ba.

Wata bakwai na yi a haka. Na daina bin layin gidan Kofur. In na hango shi a masallacin Juma'a, sai in canza sahu. Na ji an ce ya samu gadin rana a wani shagon tayoyi a Adabraka, yana zama a kan kujera daga safe zuwa yamma. Na ji, na ci gaba da aikina.

Ranar ƙaramar Sallah, bayan an sauko idi, ina bakin shago ana gaisawa ana neman gafarar juna kamar yadda aka saba, sai ga shi cikin farar riga. Ya miƙo mini hannu biyu.

"Awudu, barka da Sallah. Na zo ne musamman. Sau uku na ɗauko aikinka na dawo da shi a gaban jama'a, a shekarar da kowa ke neman abin da zai ci. Na taɓa maka suna. Na je asibiti sau biyu an wanke mini kunnen, sun ce ba su ga komai ba, amma tsufa ba a ganinsa. Ka yafe ni."

Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Baba."

Ya yi godiya, ya tafi. Abin da na ce ke nan, ranar Sallah, da alwalar idi a jikina.

Washegari na sa 'yan faifan biyar a kwalin ashana, na tafi gidansu. Gidan haya ne mai ɗakuna da yawa, nasa na ƙarshe kusa da famfo. Na same shi a kan tabarma a ƙofar ɗaki. Na zauna a ƙasa, na zazzage kwalin a gabansa, na faɗa masa komai bi da bi: abin da na saya, inda na liƙa, abin da na ji a ajin, abin da na canza. Bai katse ni ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya shi a tafin hannu.

"Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Baba."

"Mi, so, ti."

"Da baƙaƙe biyu. Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba."

"Tun yaushe ka sani?"

"Wata bakwai. Zargi kuwa tun ranar da ka fara dawowa."

Wata mata tana wanke-wanke a famfo, ta rage ƙarar ruwan.

"Kayan banza kowa yana iya sawa a shekara irin wannan," ya ce. "Wannan ba komai. Wata bakwai ɗin ne ban san inda zan ajiye ba. Jiya ma da ka bar ni na tsaya ina roƙonka." Ya mayar da abin cikin kwalin. "Ba a ɗakina ka faɗi waccan maganar ba, Awudu. Inda ka faɗe ta, can za ka je ka ɗauke ta."

Na yi yadda ya ce, bi da bi. Da safe na tsaya a gaban bencin mai shayi, na faɗa da ƙarfin da na kira sunayen haƙoran. Ba wanda ya yi dariya. Mai shayi ya ce, "Kai Awudu, ka sa mu cikin zunubi da sassafe," ya juya yana goge kofin da ya riga ya goge. Da aka koma makaranta na je ofishin Hajiya na maimaita. Ta riƙe haɓa ta yi ta salati. Sannan ta ce ajin waƙa ta riga ta haɗa wa malamin lissafi a cikin albashinsa, ba za ta iya warwarewa ba. Amma macin safe tun da Tica ya ajiye ƙaho da tafa hannu ake yinsa, ba ya tsari. In zai dawo da ƙahonsa ya riƙe wannan, ranar Litinin ya zo, za ta tara yara ta gaya musu da bakinta cewa kunnen Tica lafiya lau yake.

Ranar Asabar na kai masa saƙon. Ya ji, ya gyaɗa kai, ya shiga ɗaki. Na ji yana jan abu daga ƙarƙashin gado. Ya fito da akwatin, ƙura ta rufe shi, igiyar tana nan yadda ya ɗaure ta a bakin shagona.

"Tun ranar ban buɗe ba," ya ce. "Na ce mai mataccen kunne ba ya damun maƙwabta."

Ya goge ƙahon da gefen zanensa, ya ɗiga wa maɓallan mai, ya motsa su har suka saki. Yaran gidan suka taru. Ya miƙe tsaye, ya gyara kafaɗa, ya kafa shi a baki.

Iska ce ta fito. Ya sauke, ya lashi leɓe, ya sake. Wani sauti ya fito kamar an yaga tsumma, ya mutu. Wata yarinya ta yi dariya, uwarta ta make ta. A karo na uku ya cije har jijiyoyin wuyansa suka tashi, la ta fito rabi, tana rawa, ta faɗi.

Ya sauke ƙahon ya taɓa bakinsa da yatsa biyu.

"Ta yi ƙasa, na ji ta sarai," ya ce. "Leɓen ne. Mai busa ba ya ajiye ƙaho wata takwas a shekaruna."

Na ce zai dawo in ya ci gaba da gwadawa. Ya dube ni kawai.

Litinin ta zo bai je ba. Ya aika wa Hajiya ta ba shi wata ɗaya. Maƙwabtansa sun gaya mini kullum in ya taso daga gadi yakan shiga ɗaki ya rufe ƙofa ya yi ta gwadawa, har bayan babbar Sallah suna jin sa. Daga nan suka daina ji. Bai koma makarantar ba.